Ko Wanda Ya Koyi Tuƙin Jirgin Sama A Ɗaki Ya Zama Matuƙi?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin samarin wannan zamani, wadda ta kai munzalin da ya kamata malaman makaranta da akawuna su san amsarta, domin wurinsu yara da iyayen yara su kan zo neman shawara. Maganar ita ce, wai mutum ya iya zama cikin ɗakinsa a gaban kwamfuta, da sandar tuƙi a hannu, ya yi ta tashin jirgin sama na hoto yana saukar da shi, har ya wayi gari ya zama matuƙi. Waɗansu har cika baki su ke yi, su ce da matuƙin jirgin da su ke ciki zai faɗi sumamme, su za su karɓa su kai jama'a ƙasa lafiya. Waɗansu dattawa kuma da suka ji haka sai suka yi tsaki, suka ce abin duk wasan yara ne, ɓata lokaci da ɓata kuɗi. A ganina duka biyu sun kauce, amma kaucewar samarin ita ce mai hatsari. Dattijon da ya raina na'ura ba abin da zai rasa sai ɗan ilmi. Saurayin da ya gaskata ta fiye da kima kuwa ransa ya ke jinginarwa, da na waɗanda zai ɗauka.

Bari mu bayyana abin tukuna, saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Manhaja ce a ke sa wa kwamfuta, sai fuskar kwamfutar ta zama kamar tagar gaban jirgi. Ga agogunan nan a jere, da mai nuna sauri, da mai nuna tsayin da aka kai, da mai nuna ko jirgi ya karkata, ga kuma kamfas. Wadda ta fi suna ita ce Microsoft Flight Simulator, da ta fara fitowa cikin 1982, sa'ad da hotonta bai wuce 'yan layuka da ɗigo-ɗigo ba. Wadda aka fitar cikin 2020 kuwa duniya ɗungum aka zuba a ciki, daga hotunan da taurarin ɗan'adam suka ɗauka, har da yanayin sama na ranar da a ke ciki, watau in ana ruwa a Landan yau, to, ana ruwa a Landan ta cikin kwamfuta. Akwai kuma X-Plane, wadda wani Ba'amurke mai suna Austin Meyer ya fitar cikin 1995, ita dabararta ta yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi, ta auna ƙarfin da iska ke yi wa kowane yanki. Tun 2001 kuma akwai wata ƙungiya ta intanet mai suna VATSIM, inda waɗansu ke zama masu ba da izini na hasumiya, waɗansu su zama matuƙa, su yi ta magana da juna da irin kalmomin da a ke yi a filin jirgi na gaske. Wanda ya kira wannan wasan yara lalle bai tsaya ya duba shi da kyau ba.

Abin mamaki shi ne kakan waɗannan na'urori ma da raini aka tarye shi. Cikin 1929 wani saurayi mai suna Edwin Link, a garin Binghamton na jihar New York, ya ƙera wani akwati mai siffar ɗan ƙaramin jirgi. Ubansa yana da masana'antar piyano da irin manyan kayan kiɗan nan na majami'a masu aiki da iska, saboda haka ya ɗebo zugazugai da bututu daga can ya ɗora akwatin a kansu. In mutum ya shiga ya tura sanda, sai zugazugan su hura ko su saki, akwatin ya karkata ko ya duƙa. Da farko ba wanda ya kula da shi sai masu wuraren shaƙatawa, su sa shi kusa da lilo, jama'a su biya su hau. Sai cikin 1934 Gwamnatin Amurka ta soke kwangilar kamfanonin da ke ɗaukar wasiƙu ta sama, ta ɗora aikin a kan mayaƙan sama. Su kuwa sojan nan da rana suka saba tashi, cikin sarari. Da aka tura su cikin dare da hazo da ƙanƙara, kafin 'yan watanni mutum fiye da 10 sun halaka. A nan ne soja suka tuna da akwatin Link, suka sayi guda 6. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000, matuƙa wajen 500,000 sun zauna a cikinsu.

To, me ya kashe sojan nan, alhali kuwa sun iya tuƙi? Wannan tambaya ita ce gindin maganarmu duka, don haka sai ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kanta.

Can cikin kunnen ɗan'adam akwai waɗansu 'yan lanƙwasassun bututu guda 3 cike da ruwa. In ka juya kanka, ruwan ya kan ɗan yi jinkiri kafin ya bi, wannan jinkiri shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an juya. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san aibin wannan ma'auni: in ka daɗe kana juyawa, ka tsaya, sai ka ga ƙasa ta ci gaba da juyawa, har ka faɗi. Ruwan ne bai tsaya ba tukuna. A ƙasa wannan ba kome ba ne, gama ido na nan yana gyara wa kunne kuskurensa. Amma a cikin girgije ido ba ya ganin kome sai fari fat. In jirgi ya karkata sannu a hankali, kunne ba ya ji ko kaɗan. In kuwa ya daɗe yana kewayawa, ruwan ya kan daidaita, mutum ya rantse jirginsa a miƙe ya ke. Jirgin da ya karkata hancinsa ya kan sunkuya, sauri ya ƙaru. Matuƙi ya ga yana gangarawa, ya ja sanda don ya hau, jan nan kuwa ba abin da ya ke yi sai ƙara tsuke kewayen. Haka zai yi ta murɗawa har ƙasa, yana ji a jikinsa kome lafiya.

An auna wannan. Cikin 1954 masana a Jami'ar Illinois suka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da agogo kaɗai ba, suka sa kowannensu a jirgi na gaske tare da malami, suka rufe masa ganin waje. Ko mutum guda bai tsira ba, 19 sun shiga wannan murɗawa da na faɗa, ɗayan kuma ya ɗaga hanci har jirgin ya suɓuce masa, sai da malami ya karɓa. Da aka haɗa lokacinsu aka raba, sai ya kama daƙiƙa 178, watau ko minti 3 bai cika ba. Kada kuma a ce wannan labarin mutanen da ne. Cikin Yuli 1999 ɗan marigayi Shugaba Kennedy na Amurka, mai lasin tuƙi da awa wajen 300 a sama, ya tashi da dare bisa teku cikin hazo tare da matarsa da 'yar'uwarta. Hukumar bincike ta ce wannan ruɗewa ce ta jefa su ruwa. Mu nan ba ma bukatar a fassara mana hazo. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shafe sama da ƙasa a Kano ko Maiduguri, har a hana jirage sauka, ya san yadda a ke rasa gane inda ƙasa ta ƙare sama ta fara.

Maganin wannan ciwo guda ne, mutum ya koyi karanta agogunansa, ya kuma gaskata su bisa abin da jikinsa ke faɗa masa. A nan fa ku lura, gama magani ne mai rabi biyu. Rabin farko, watau karanta agogo, na'urar ɗaki tana koyar da shi ƙwarai da gaske. Yaro ya iya koyon yadda a ke zagaya ido daga wannan agogo zuwa wancan ba tare da an kafe a kan guda ba, ya maimaita sau ɗari ba wanda zai ce masa mai ya ƙare. Rabi na biyu kuwa ba ta da ikon taɓa shi. Kujerar ɗaki ba ta motsi, saboda haka ba ta taɓa yi wa mai ita ƙarya ba. Yaron da ya yi awa 1,000 a kanta bai taɓa jin jikinsa yana yi masa ihu cewa an karkata dama, alhali agogo na cewa a miƙe a ke ba. Ranar da zai fara jin wannan gardama, ita ce ranar da zai san ko ya iya. Shi ya sa dokar Amurka ta ce ko mai neman ƙaramin lasin sai ya yi awa 3 cikin jirgi yana tuƙi da agogo kaɗai, malami na gefensa.

Ban faɗi wannan don in rage wa na'urar daraja ba. Abin da ta ke koyarwa yana da yawa, kuma mafi yawansa shi ne abin da ke cinye kuɗin almajiri a banza. Jirgin koyo aji ne mai tsada, mai ƙara, mai zafi, wanda ba ya tsayawa a yi tambaya. Kuɗin awa guda a cikinsa tare da malami ya isa ya sayi manhajar nan da sandarta. Almajirin da ya hau bai san inda makunnin fitila ya ke ba, bai san jerin abin da a ke dubawa kafin a ta da inji ba, zai ɓatar da awoyin farko yana lalube. Wanda ya riga ya haddace waɗannan a gida, ya shiga da kansa a sake, ya sa hankalinsa ga abin da ba a samu sai a sama. Haka kuma sha'anin rediyo. Turancin hasumiya gajere ne, mai sauri, kowace kalma da muhallinta, ya kan sa baƙo ya daburce ko da ya iya Turanci. Wanda ya saba da shi ta intanet ya huta da wannan.

Abin da ya fi burge ni ciki kuwa shi ne neman hanya. Jiragen mayaƙan saman Ingila guda 3 da suka taso daga Masar suka sauka Kano cikin Nuwamba 1925, taswira da kamfas da agogo su ne jagoransu. Lissafin bai sake ba har yau, kuma har yanzu a kan tambayi almajiri shi a jarrabawa. In jirginka na yin mil 100 a awa, iska ta taso maka ta gaba da mil 20, to, mil 80 ka ke ci a ƙasa, tafiyar mil 200 ta koma awa 2 da rabi maimakon awa 2, sai ka duba ko manka zai kai. In iskar ta gefe ta ke, dole ka karkata hanci wajenta gwargwado, in ba haka ba ka nufi Zariya ka tsinci kanka wani wuri dabam. Malamin lissafi ko na labarin ƙasa da ya sami wannan na'ura a makarantarsa ya sami abokin aiki. Yaran da su ke hamma in an ambaci kusurwa da ma'aunin taswira, ku ba su jirgi ku ce su kai shi Jos, ku ga yadda za su nemi fensir da kansu.

Amma fa a nan iyakarta ta ke. In an zo ga hannu da ƙafa da ido, labari ya sha bamban.

Sandar jirgi na gaske tana magana da hannun mai riƙe da ita. In sauri ya ƙaru sai ta yi tauri, gama iska na danna fikafikan da ƙarfi. In sauri ya ragu sai ta yi laƙwas kamar an tsoma ta a kunu, wannan kuwa gargaɗi ne cewa fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi. Akwai wani ɗan gargare da matuƙi ke murzawa har nauyin sandar ya ɓace daga hannunsa, jirgi ya tsaya da kansa yadda a ke so, kuma da ji a ke murza shi. Sandar gida, irin wadda akasarin mutane ke saya, waya ce mai tsalle a cikinta, taurinta ɗaya ko jirgi na gudu ko yana rarrafe. Ƙafa kuma fa? Ƙaramin jirgi mai farfela, da an ba shi wuta don tashi sai ya nemi fizgewa hagu, dole a taka dama a riƙe shi. Da yawa cikin matuƙan ɗaki ba su da matakan ƙafa ma sam, sun bar kwamfuta tana taka musu. Wajen sauka kuwa, lokacin da a ke ɗaga hanci kaɗan don ƙafafu su taɓa ƙasa a hankali, da gefen ido a ke auna shi, da kuma yadda mutum ke jin kujera na nutsewa a ƙarƙashinsa. In ga iska ta gefe, sai hannu ya yi wani abu, ƙafa ta yi kishiyarsa, duk cikin 'yan daƙiƙu. Jiki magayi, in ji Hausawa, kuma a wannan sana'a jikin ne ke karatu.

Akwai kuma wata mummunar ɗabi'a da malaman tuƙi su kan koka da ita game da almajiran da suka fito daga ɗaki, watau kafe ido a kan agogo. Ba laifinsu ba ne, fuskar kwamfuta ƙarama ce, agogunan su ne abin da ya fi fitowa sarai, sai ido ya saba da su. Littafin koyarwa na hukumar jiragen saman Amurka kuwa cewa ya yi, in ana tuƙi cikin sarari, kashi 90 cikin 100 na hankalin matuƙi a waje ya kamata ya kasance, yana auna hancin jirgi da bakin sama, yana kuma neman waɗansu jirage da tsuntsaye. Shaho ko ungulu ba sa fitowa a agogo. Har ya kan kai malami ya manna takarda ya rufe agogunan, don ya tilasta wa almajiri ɗaga kai. Ku malamai kun san wahalar wannan. Yaron da ya zo bai iya riƙon alƙalami ba ya fi sauƙin koyarwa bisa wanda ya shekara biyar yana riƙe shi a karkace.

Wani zai ce, to, ai manyan kamfanonin jirage da na'ura su ke horar da matuƙansu. Gaskiya ne, har ma abin ya wuce yadda mai faɗar ya ke zato. Akwai na'urori masu daraja ta ƙoli waɗanda doka ta yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinsu ɗungum, ya zamana ranar da zai fara saukar da jirgin na gaske da fasinja a bayansa, wani babban matuƙi na duba shi. Amma a dubi ko wace irin na'ura ce. Ɗakin tuƙi ne sukutum, kowane maɓalli a muhallinsa, an ɗora shi bisa ƙafafu 6 masu miƙewa da tanƙwashewa, an cusa masa lissafin da aka auno daga jirgin kansa, hukuma na zuwa tana jarraba shi, kuɗinsa miliyoyin daloli. A kuma dubi wanda a ke sa wa ciki, mutum ne da ya riga ya sha sama, jikinsa ya san abin da na'urar ke kwaikwayo. Kama da wane ba ta wane.

Ko waɗannan manyan ma sun taɓa koyar da abin da ba daidai ba, kuma an biya da rayuka. Ran 12 ga Nuwamba 2001 wani jirgin American Airlines ya tashi daga New York, ya shiga guguwar da wani babban jirgi da ya riga shi tashi ya bari a baya. Mataimakin matuƙi ya yi ta taka matakan wutsiya, dama, hagu, dama, iyakar ƙarfinsu, har wutsiyar ta karye ta fita. Mutum 260 na ciki da 5 na ƙasa suka rasu. Hukumar bincike ta ce takun nan ba a bukace shi ba, ta kuma lissafa tsarin horon kamfanin cikin abubuwan da suka taimaka. A wani darasi an shirya na'urar ta kifar da jirgi fiye da yadda irin wannan guguwa ke yi, ta kuma ƙi jin sanda na ɗan lokaci, sai mai koyo ya fita da zaton sai an yi da ƙarfi. To, in na'urar miliyoyi, mai malamai da hukuma a kanta, ta iya dasa kuskure haka, ina ga wadda yaro ke koya wa kansa shi kaɗai da tsakar dare, ba mai ce masa kul?

Doka ta riga ta auna wannan, kuma awonta ya isa abin lura. A Amurka mai neman ƙaramin lasin sai ya yi aƙalla awa 40, ciki har da 20 tare da malami da 10 shi kaɗai, ko da ya ke akasarin mutane su kan wuce 60 kafin su shirya. Cikin 40 ɗin nan, awa 2 da rabi kacal a ke yarda a yi a na'ura, ita ma sai wadda hukuma ta amince da ita, da malami a tsaye. A Turai awa 45 ne, na'ura ta ɗauki 5. Amma in an zo ga shaidar tuƙi da agogo cikin girgije, sai Amurka ta saki hannu, cikin awa 40 ta yarda da 10 ko 20 a na'ura, gwargwadon darajarta. Kun ga inda masu abin suka amince da ita, da inda suka ƙi. Awoyin ɗaki kuwa, ko sun kai dubu nawa, ba a rubuta ko guda a littafin matuƙi.

Saura abu guda, wanda na ke ganin ya fi duka nauyi. A kwamfuta akwai maɓallin dakatawa. In abu ya rikice sai a danna, a sha ruwa, a duba littafi. In an faɗi sai a yi dariya a sake. Mutumin da ya faɗi sau 500 bai ji ciwo ba, wane irin tsoro zai koya? Tsoro kuwa, in an hore shi, kayan aiki ne. Shi ke sa matuƙi ya zagaya jirginsa kafin ya hau, ya tsiyayi mai a kwalba ya duba ko da ruwa a ciki, ya leƙa ko tsuntsu ya yi sheƙa a inji, ya auna nauyin kaya, ya dubi sama ya ce yau ba za a tafi ba ko da masu biki na jira. Ba a koyon faɗin a'a a wurin da i ba ta da farashi.

Dubi abin da ya faru ran 15 ga Janairu 2009, sa'ad da wani jirgin fasinja ya yi karo da garken dinya jim kaɗan bayan tashinsa daga New York, injinansa biyu suka mutu, Kyaftin Sullenberger ya saukar da shi a Kogin Hudson, mutum 155 duk suka fita da rai. Daga baya aka sa waɗansu matuƙa suka maimaita tafiyar a na'ura, waɗansunsu suka sami komawa filin jirgi. Amma su sun san abin da zai faru, suna jin karo sai su juya. Da aka ce a jinkirta daƙiƙa 35, watau lokacin da ɗan'adam ke bukata ya gane abin da ya same shi ya yanke shawara, sai jirgin bai kai ba. Daƙiƙa 35 ɗin nan su ne tazarar da ke tsakanin mai jiran abu da wanda abu ya auko wa. Kyaftin ɗin yana da awa kusan 20,000 a sama, ya kuma iya tuƙin jirgi marar inji.

Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgi mai inji cikin 1903, ya taɓa wannan magana a wata lacca da ya yi a Chicago cikin 1901. Ya kwatanta jirgi da doki mai tutsu. Ya nuna mutum ya iya hawa ya koya da faɗuwa, ko kuwa ya zauna bisa shinge yana kallo yana tsara dabaru. Ta biyun ta fi lafiya, amma ta farkon ta fi fid da mahaya. Su kansu sai da suka shekara 3 suna shawagi da jirage marasa inji a bakin teku, ɗaruruwan tashi, kafin su ɗaura inji. Mu da muka tashi cikin dawaki ba mu rasa gane wannan ba. Yaro ya kan fara da dokin kara, ya koyi kirari da yadda a ke jan linzami da tsayawa gaban Sarki, kuma ba wanda ya ke hana shi, gama daga nan sha'awa ke tsira. Amma ba uban da zai ɗora shi kan ingarma ranar hawan Salla don ya ga ya gwanance da kara.

Saboda haka in yaro ya zo muku da wannan sha'awa, kada ku kashe masa gwiwa, kada kuma ku bar shi cikin ruɗu. Ku ce ya riƙe na'urarsa, amma ya bi ta da littafin koyon tuƙi na gaske, ya bi jerin dubawa kamar yadda a ke bi, ya daina danna dakatawa, in ya faɗi ya rufe kwamfutar sai gobe. Ya fi ba da ƙarfi ga taswira da agogo da rediyo, ya rage yawan gwada sauka, don kada hannunsa ya saba da abin da za a sha wuya a kankare. Ku gaya masa lissafi da kimiyya da Turanci su ne ƙofa, kuma likita zai duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa kafin a karɓe shi, gara a yi wannan binciken tun iyaye ba su sayar da gona ba. Makarantar koyon tuƙin jiragen sama tana nan Zariya tun 1964. In da hali, kafin a biya kuɗin shekara, a nema masa awa guda tak a ƙaramin jirgi tare da malami, da rana tsaka sa'ad da zafi ke sa iska tana wujijjiga jirgi, a ga yadda cikinsa da hankalinsa za su ɗauka. In ya sauko yana tambayar yaushe za a koma, sa'an nan a zauna a yi maganar kuɗin makaranta.